Malamin Yaƙi da Jahilci, Ka Iya Salula?

Daga Dogon Kiriya, ƙasar Arewa

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a wani ƙauye na karkarar Dogon Kiriya, arewa da Dogon Dutsi. Karatuna na boko bai wuce aji shida ba. Yau ina so in ba ku labarin wani abu da ya ba ni kunya, don kada ya sami wani malami ɗan'uwana.

A ajinmu na maza akwai wani dattijo, sa'an mahaifina. Ba ya fashi. Wata huɗu ya yi yana zuwa, har ya iya haɗa baƙi da wasali, ya iya karanta lamba har zuwa dubbai. Ɗansa yana cin rani a Abijan. Ran nan da hantsi sai ga shi ƙofar gidana, salula a hannu.

Ya ce: "Malam, yaron nan ya ce ya aiko da kuɗi, kuma saƙo zai shigo cikin waya. Na jira, ban gani ba. Duba mini."

Na ce: "To, Baba, kawo."

Na karɓa. Na danna nan, na danna can. Wata 'yar ambulan tana ta ƙyaftawa a saman gilashin, amma saƙo bai fito ba. Zufa ta fara keto mini. Ni da nake tsayawa gaban allo kullum ina cewa "ku maimaita", ga ni na rasa ta yi. Sai wani yaro ɗan shekara goma sha biyu, wanda ya zo aron galma, ya ce: "Wurin saƙo ne ya cika, sai an goge na da." Ya karɓa, ya goge biyar, nan take saƙo ya shigo. Baba bai ce mini kome ba. Kallona kawai ya yi. Da ma ya yi magana, da ya fi mini sauƙi.

Wannan ita ce kunya ta farko. Ta biyu ta fi ta nauyi.

Saƙon da Faransanci yake, amma lambar kuɗin a fili take: 25000. Baba ya karanta da kansa, yana murna: dubu ashirin da biyar. To, ku kun sani mu nan da dala muke ƙirga, kuma a allo da dala nake koya musu lissafi, kamar yadda ake ciniki a kasuwa. Sai Baba ya ɗauka dala dubu ashirin da biyar ce, wato jika 125. Ni kuwa kunya ta hana ni tsayawa in duba tare da shi, na bar shi ya tafi. Kafin ranar kasuwa har ya yi cinikin ɗan bijimi, ya ba da kafin alƙalami. Da ya je karɓar kuɗi, sai anka ƙirga masa jika 25. Ya ce an cuce shi. Anka yi ta cacar baki, mutane sunka taru. Daga baya wani ya fahimtar da shi: salula da tamma take ƙirga, ba da dala ba. Mai biyan kuɗin bai ci masa ko sisi ba. Bijimi ya koma ga mai shi, kafin alƙalami kuwa da ƙyar rabi ya dawo.

Mako biyu Baba bai zo aji ba. Da na je gaishe shi ya ce: "Malam, karatun da ya sa na yi abin kunya a kasuwa, ina amfaninsa?" Ban sami amsa ba. Laifin ba na Baba ba ne. Ya karanta daidai. Ni ne na koya masa karatun allo, na bar shi shi kaɗai da karatun waya, alhali yau rubutun da manomi ya fi gani a rayuwarsa cikin waya yake.

Ku duba da kyau. A ƙauyenmu takarda nawa ke shigowa a wata? In ban da wagga jarida da katin awo na mata da takardar haraji, sai kaɗan. Amma salula tana aljihu dare da rana. Tun 2001 da ta shigo Nijar take ta yaɗuwa, har ta kai rugar da mota ba ta zuwa.

Abin da anka gwada a ƙasarmu

Wagga magana ba ni na fara ta ba. An gwada ta, kuma a nan jiharmu ta Doso anka gwada, tare da jihar Damagaram. A shekarar 2009 ƙungiyar agaji ta CRS ta buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci a ƙauyuka da yawa. Wata malamar jami'ar Tufts ta Amurka, Jenny Aker, da abokan aikinta sunka bi sawun ƙauyuka 113 don su ga abin da zai faru. Sunan shirin ABC, wato koyon karatu ta hanyar salula.

Ga yadda anka yi. Kowane ƙauye yana da ajin maza 25 da ajin mata 25. Ana karatu da rani, kwana biyar a mako, a dakata da damina don aikin gona, a sake komawa shekara ta biyu. Littafi ɗaya ne ga kowa, da harshen gari. Sai anka jefa ƙuri'a. Wajen rabin ƙauyukan anka ƙara musu abu guda: malami ya koya wa ɗalibai kunna salula da kashe ta, gane lambobi da baƙaƙe a jikinta, kira da amsa kira, da rubuta saƙo. Anka ba kowane mutum biyar waya ɗaya, su yi tarayya. Sauran ƙauyukan kuwa allo da littafi kaɗai.

Da anka yi jarrabawa, ƙauyukan salula sun fi sauran a rubutu, sun fi su a lissafi. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne wanga: bayan an rufe aji da wata bakwai an sake gwada su, kuma har lokacin suna gaba. Duk malamin yaƙi da jahilci ya san wagga cuta. Ka sha wahala da rani, mutum ya iya rubuta sunansa da na garinsu. Damina ta faɗi, a shiga shuka da noma da maimai da girbi. Ranar da kunka dawo aji sai ka tarar rabin baƙaƙen sun gudu, kamar an bar awaki babu makiyayi. Wanda ke taɓa salula kullum, baƙaƙensa ba su samun hanyar gudu. Ko sunan ɗansa yake nema don ya kira, ai karatu ya yi.

Masu binciken sun kuma gano cewa gidajen ƙauyukan salula sun ƙara yawan irin abin da suke shukawa, musamman amfanin da mata ke nomawa don sayarwa, irin su kuɓewa.

To, su wane ne sunka koyar a waɗannan azuzuwa? Ba injiniyoyi anka kawo daga Yamai ba. Mutanen karkara ne masu ɗan karatu, irina, anka ba su horo. Nan ne maganar take. Waya ba ta koyar da kowa da kanta. Da tana koyarwa, da Baba ya daɗe da zama malami, don shekara da shekaru tana aljihunsa. Sai da malami ya iya, sannan ɗalibi ya samu.

Daga 2014 an sake wani gwaji a jihohin Maraɗi da Damagaram. A can kuwa kiran waya anka riƙa yi kowane mako, a kira malami, a kira maigari, a kira ɗalibai biyu, a tambayi yadda aji ke tafiya. Wanga kira kaɗai ya sa karatu ya ƙaru. Ni ban yi mamaki ba. Malamin ƙauye yakan yi wata da watanni babu wanda ya tambaye shi ko yana da alli. Ranar da anka kira ka, sai ka ji ashe an san da kai.

Na da ma sun yi

Kada wani ya ce wanga sabon abu ne da bai dace da mu ba. Tun 1962 anka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo a Nijar. Mai jagorar kulob, sau da yawa malamin makaranta ne, yakan tara mutanen gari su saurari shiri, su yi muhawara, ya ɗauki muryarsu a rakoda a aika Yamai. Dole ya iya rakoda, ya iya sa batir, ya iya juya zare. A 1963 hukumar yaƙi da jahilci ta fara aiki. A 1964 kuma anka fara koyar da yara ta talabijin, Nijar tana cikin ƙasashen Afirka na farko da sunka yi haka. Waɗanda anka sa gaban yaran a waɗannan azuzuwa, masu takardar gama firamare ne, anka ba su horo na ɗan lokaci. Wasu akwatunan ma da hasken rana anka riƙa kunna su. Shirin ya tsaya a ƙarshen shekarun 1970, gidan ya koma talabijin ta ƙasa. In iyayenmu masu aji shida sun riƙe aji da talabijin, mu salula ce za ta gagare mu?

Abin da na koya, da abin da nake koyarwa yanzu

Bayan abin da ya sami Baba na aje girman kai. Na kira yaron nan mai aron galma, na ce kowace la'asar ya zo ya nuna mini abu ɗaya. Mutane sun yi dariya, wai malam ya koma ɗalibi. Na bar su. Ranar kasuwa kuma nakan zauna wurin mai cajin waya, in yi ta tambaya har ya gaji da ni.

Darasin farko da na shigo da shi aji shi ne na kuɗi, don shi ya ƙone mu. Na zo da takardar jika ɗaya na ɗaga. Na ce a karanta abin da ke rubuce a kanta. Sunka karanta: 1000. Aji ya yi tsit. Shekara nawa suna riƙon wagga takarda, launinta suke dubawa, ba su taɓa karanta ta ba. Dala ɗaya tamma biyar ce. Jika ɗaya tamma 1000 ce, wato dala 200. Saboda haka in lambar da waya ta nuna maka ta ƙare da sifiri uku, kana son jika, rufe su da yatsa, ka karanta saura. 25000, rufe uku, saura 25: jika 25. In kana son dala, raba lambar gida biyar: dala 5000. Munka yi ta yi da 500, da 2000, da 7500, har kowa ya gane. A wayar ma akwai na'urar lissafi. Wanda ya sayar da tiya 40 ta wake, yana iya duba kuɗinsa kafin ɗan kasuwa ya gama buɗe jaka. Amma na hana su taɓa ta sai sun fara yi da ka ko a allo. Na'ura don tabbatarwa ce. In batir ya mutu a tsakiyar kasuwa, kanka ne zai fisshe ka.

Na biyu, baƙaƙe. A ƙaramar waya mai maɓallai, yawancin lambobi suna ɗauke da baƙaƙe uku ko huɗu. Lamba 2 tana da a, b, c. Lamba 6 tana da m, n, o. In kana son s, sai ka danna 7 sau huɗu. Na zana wayar a allo, babba, kowa ya kwafa a littafinsa. Wanda ba shi da waya sai ya yi ta dannawa bisa takarda har layi ya zo kansa.

Nan kuwa akwai wani tarko da ya kamata kowane malami ya sani tun kafin ɗalibai su tambaye shi. Baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, babu su a ƙaramar waya. Mun sha wahala muna koya wa mutum bambancin baki da baƙi, kafa da ƙafa, bata da ɓata, sai ga waya ta haɗe su wuri ɗaya. Wata mata a ajin mata ta ce mini: "Malam, to wa ya yi kuskure, kai ko waya?" Na ce waya ce, don waɗanda sunka ƙera ta ba su san Hausa ba. A littafi mu rubuta daidai. A ƙaramar waya mu rubuta babu lanƙwasa, mai karatu ya gane daga maganar. Manyan wayoyi na shafawa kuwa ana iya sa musu baƙaƙen Hausa cikakku, sai dai a nemo wurin cikin saiti. Ni ma sai bara na gano. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Muna fata wanga ya kai har cikin waya, don har yanzu saƙon kuɗi da na kamfani da Faransanci suke zo mana. Kafin nan, malami ya san kalmomi goma ko sha biyar da ke yawan fitowa, ya fassara su, ya manna a bangon aji.

Na uku shi ne tsare kai. Wanga ba ya cikin littafinmu ko kaɗan, amma ya fi wasu darussan littafin amfani. Akwai macuta da ke aiko saƙo ko su kira, su ce ka ci kyauta, ko su ce sun yi kuskuren turo maka kuɗi ka mayar. Akwai masu cewa ka faɗa musu lambarka ta asiri. Lambar asiri kamar mabuɗin rumbu ce, ba a ba baƙo. Wanda bai iya karatu ba dole ya miƙa wayarsa ga wani ya duba masa, asirinsa duka a hannun mutane. Mata sun fi kowa jin wanga. Wata ta ce mini abin da ya kawo ta aji ke nan: mijinta yana Libiya, kuma ta gaji da kai saƙonsa wurin ɗan maƙwabta ya karanta, gobe ta ji maganar a bakin rijiya.

Wasu samari suna ce mini: "Malam, yanzu ai an huta da karatu. Ga WhatsApp, ka danna ka yi magana, murya ta tafi." Gaskiya ne murya tana tafiya, kuma tana da amfani, ni ma ina aikawa. Amma murya ba ta karanta maka lambar kuɗi. Ba ta karanta maka ranar da maganin feshi ya lalace, ko awon maganin tsutsa da za ka ba tunkiya. Kuma ba duk muryar da ta shigo waya ce gaskiya ba. Sau nawa anka tayar mana da hankali da wata murya da ba a san mai ita ba, a ce ga abin da ya faru a gari kaza, daga baya a ji ƙarya ce, ko labarin wata ƙasa ne na shekarun baya? Malami ya koya wa mutane tambaya uku kafin su tura wa wani: wa ya faɗa, yaushe, a ina? In malamin da kansa shi ne mai saurin turawa, to aji ya lalace.

Amfanin kuwa yana da yawa ga wanda ya iya. Tun 2017 ƙungiyar RECA ta manoma tana da wurin kira a Yamai, inda manomi ke tambaya da Hausa ko Zabarmanci, har ya aika hoton ganyen da ƙwari sunka ci a gaya masa abin yi. Wanda ya ga murzuna a kan hatsinsa ba sai ya jira malamin gona ya zo ba. Makiyayi yana iya tambayar farashin dabba a Dogon Dutsi ko Matankari ko Tibiri kafin ya kora ta, ya kuma ji inda ake allurar shanu. Ita wannan malama Jenny Aker ta auna farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006. Ta ga inda salula ta shiga, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Amma fa 'yan kasuwa ne sunka fara cin wagga riba, don su sunka fara iya waya.

Kukanmu

Ba zan ɓoye wahala ba. Wasu ƙauyukanmu sai ka hau tudu kake samun rezo. Caji sai ranar kasuwa, ko wurin mai farantin hasken rana, kuma da kuɗi. Mata da yawa ba su da wayar kansu. Ɗan abin da ake ba malamin yaƙi da jahilci bai kai ya riƙa sayen kati don aji ba. Akwai kuma dattawan da ke ganin waya a hannun matar aure fitina ce. Waɗannan sai da lallashi, a bi ta wurin maigari da liman, a nuna musu abin da ake koyarwa a fili.

Roƙona ga shugabanninmu na yaƙi da jahilci, daga Dogon Dutsi da Tibiri har Doso da Yamai, shi ne wanga. Duk lokacin da anka tara mu horo kafin buɗe aji, a ware ko kwana biyu don salula. Kada a tambaye mu "kun iya?", don kowa zai ce ya iya, kunya ba ta barin malami ya ce a'a gaban 'yan'uwansa. A ba kowa waya a hannu, a ce ya rubuta saƙo, ya aje suna, ya goge, ya karanta saƙon kuɗi ya faɗe shi da jika da dala. Nan za a ga gaskiya. A kuma buga mana 'yar takarda da Hausa mai hoton maɓallai. In an sami hali, a ba kowane aji waya biyar da ƙaramin farantin caji, a damƙa su ga kwamitin gari.

Ku kuma 'yan'uwana malamai, kada ku jira sai an kira horo. A kowane gari akwai yaro irin mai aron galman nan.

Baba ya dawo aji. Ni na je na ba shi haƙuri, na ce laifina ne, na nuna masa dabarar rufe sifiri uku. Ya gwada da yatsansa, ya yi dariya har ya yi tari. Da kaka ta yi, ɗansa ya sake aikowa. Wagga karon bai zo ƙofar gidana ba. Saƙo na gani a wayata, babu lanƙwasa, babu tazara tsakanin wasu kalmomi: ya ce jika 30 ne, ya karɓo, sun cika.

Ajinmu na bana zai buɗe bayan an gama kai damma rumbu. Mata da azahar, maza bayan isha'i. Mai waya ya zo da ita da cajinta. Wanda ba shi da ita ya zo haka nan, za mu zauna biyar biyar.